Tawakkali da Fargabar Naƙuda: Sake Duban Matsayin Addini a Rayuwar Masu Juna Biyu a Gundumomin Tasawa da Mayahi

Tsakure

Rubuce-rubucen kiwon lafiya kan mutuwar mata wajen haihuwa a ƙasar Hausa sun saba lissafa imani da ƙaddara cikin abubuwan da ke hana mai naƙuda isa likita a kan lokaci. Wannan maƙala ta ƙalubalanci wannan fahimta ta hanyar duba gundumomin Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Ta nuna cewa addu'a da rubutu da sadaka su ne hanyar da al'umma ta yarje wa mai ciki ta bayyana tsoron da kunya ta hana ta furtawa, kuma fiƙihun Malikiyya da kansa ya ɗauki wannan tsoro da muhimmanci. Jinkirin da ke kashe mata ya fi fitowa daga wanda ke da ikon yanke shawara a gida, da nisan hanya, da kuɗi, da irin tarbar da ake yi musu.

Muhimman kalmomi: tawakkali, kunya, naƙuda, rubutu, Tasawa, Mayahi.

1. Gabatarwa

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum 500,000, mafi yawansu manoman gero da wake da gyaɗa. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na wannan shekara ya sami matsakaicin haihuwar mace ɗaya a Nijar 7.6, a jihar Maraɗi kuma 8.4. Ya kuma ƙiyasta mutuwar mata 535 a kowace haihuwa 100,000, yayin da kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a cibiyar lafiya. Wato bisa alƙaluman 2012 macen ƙauye a Korgom ko Urafan ko Kanembakashe za ta durƙusa sau bakwai ko takwas a rayuwarta, kuma da wuya a ce ba ta san wata 'yar'uwa ko maƙwabciya da ta tafi wajen haihuwa ba. Fargabarta tana da tushe. Tambayar wannan maƙala ita ce: me take yi da wannan fargaba, kuma shin abin da take yi ɗin ne ke jefa ta cikin haɗari?

2. Waiwaye a kan ayyukan da suka gabata

Thaddeus da Maine (1994) sun kasa jinkirin da ke kai ga mutuwar mai haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Tsarin yana da amfani, ba kuma shi ake jayayya da shi a nan ba. Matsalar tana ga yadda aka riƙa cika gidan farko da kalmar “ƙaddara” ba tare da an tsaya an duba abin da ke faruwa a cikin ɗaki ba.

Wall (1998), wanda ya yi zaman bincike a yankin Malumfashi tun kafin nan, ya jera dalilan mutuwa da naƙasar mata a arewacin Najeriya: auren wuri, kulle, rashin karatu, yankan gishiri, ƙarancin kayan aiki, lalacewar tattalin arziki. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma ba za a manta da ƙoƙarinsa wajen kafa cibiyar masu yoyon fitsari ta Danja, kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012 ba. Amma ya sa al'adar Musulunci a sahun gaba na jerin, a matsayin abin da ke rage darajar mace. A nan ne muka rabu. Jerin ya haɗa abubuwa biyu da suka sha bamban: ikon da miji da dangin miji suke da shi a kan fitar mace, da kuma addinin da macen kanta take riƙe da shi a zuciya. Na farko yana iya tsare ta a gida. Na biyu shi ne abin da take jingina da shi idan an tsare ta. Wanda ya cuɗa su wuri guda zai ƙare da ɗora wa mace laifin abin da ya same ta.

Cooper (2019) ta bi tarihin haihuwa a Nijar, ta nuna cewa yawan haihuwa yana da saiwa a cikin tsoron rashin haihuwa da yawan rasa 'ya'ya. Monfouga-Nicolas (1972) a Maraɗi da Masquelier (2001, 2009) a Dogonduci sun bayyana bori da sauye-sauyen addini a rayuwar mata. Jaffré da Olivier de Sardan (2003) kuwa sun fito da irin wulaƙancin da marasa lafiya ke gamuwa da shi a cibiyoyin lafiya na wasu manyan biranen Afirka ta Yamma, har da Yamai.

3. Dabarun bincike

Nazarin na rubuce-rubuce ne. An karanta ayyukan da aka ambata tare da alƙaluman 2012, da Muwaɗɗar Imam Malik da Risalar Ibn Abi Zaid, waɗanda ake karantarwa a makarantun zaure na yankin, da kuma al'adu da maganganun haihuwa da kowane Bahaushe ya sani. An yi amfani da rabon Pargament da abokan aikinsa (1988), wanda ya bambanta mai miƙa komai ga Ubangiji ya naɗe hannu, da mai dogaro da kansa, da mai haɗa ƙoƙari da dogaro.

4. Sakamako

4.1 Addini a matsayin bakin mai tsoro

Kunya ta rufe wa mai ciki baki, musamman mai cikin fari. Ba ta sanar da cikin. Sai dai a gani. Ba ta ambatar watanninsa a gaban surukai. Idan naƙuda ta tashi ana son ta daure, kada a ji muryarta a tsakar gida, domin wadda ta yi raki za a daɗe ana yi mata gori. Sau da yawa ungozoma ba ta shigowa sai ɗa ya faɗo, ta yanke cibiya, ta binne mabiya, ta ɗora ruwan wanka. A irin wannan tsari babu gurbin da yarinya 'yar shekara goma sha shida za ta ce wa uwar mijinta tana tsoron mutuwa.

Amma tana iya cewa, “Inna, a karɓo mini rubutu.” Tana iya aika ƙanenta da tsabar gero ko ƙosai a raba wa almajirai. Tana iya neman gafarar kishiyarta idan wata ya kama, ta biya bashin da ke kanta, ta roƙi mahaifiyarta ta sa mata albarka. Babu wanda zai kira wannan raki, kuma duk wanda ke gidan ya gane saƙon. Daga nan tsofaffi ke fara sa mata ido, a rage mata daka da zuwa rijiya, a aika gidan iyayenta maganar goyon ciki. Gaisuwar da ake yi mata ma amsa ce ga abin da ba ta faɗa ba: “Allah ya raba lafiya,” “Allah ya sauke ki lafiya.” Mai faɗin haka ya amsa cewa akwai haɗari, ya kuma shaida mata ba ita kaɗai ke ɗauke da shi ba.

Littattafan da malaman yankin ke karantarwa suna bayan macen a wannan batu. Risala ta ba mai ciki damar ajiye azumin Ramadan idan ta ji tsoro ga abin da ke cikinta; tsoron nata shi ne hujjar. Muwaɗɗa ta ɗauki mai cikin da ya kai wata shida a matsayin mai ciwon da ake ji wa tsoron mutuwa, har ba ta da ikon kyautar da fiye da sulusin dukiyarta. Surar Maryam ta ba da labarin naƙudar mahaifiyar Annabi Isa ita kaɗai a gindin dabino, cikin ƙuncin da har ta yi burin mutuwa, kuma ba a zarge ta ba. An rarrashe ta, aka ba ta ruwa da abinci. Surorin Luƙman da Ahƙaf sun ambaci wahalar ɗaukar ciki a matsayin dalilin haƙƙin uwa. Abin da al'ada ta hana faɗa, shari'a ta rubuta shi ta gina hukunci a kansa.

A rabon Pargament, wannan ya fi kusa da kashi na uku. Macen da ta sha rubutu da asuba ita ce dai za ta goya ɗanta ta tafi awon ciki da hantsi. Binciken 2012 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na matan da suka haihu a Nijar sun je awo aƙalla sau ɗaya. Da imani da ƙaddara na hana neman magani, da ba a ga wannan cunkoso a ranakun awo ba. Risala ta halatta tofi da ayoyin Alƙur'ani da shan magani a babi guda, kuma labarin mutumin da Annabi (SAW) ya umarta ya ɗaure raƙuminsa kafin ya dogara ga Allah sananne ne ko ga wanda bai yi nisa a karatu ba. Sai dai ma'aunin Pargament an gina shi ne a kan ɗaiɗaikun mabiya coci a Amurka, saboda haka bai kama wani abu muhimmi ba: a Tasawa da Mayahi tawakkali aikin gida guda ne. Mace ta roƙa, uwar miji ta aika, miji ya je zauren malam, almajirai su karɓi sadaka su yi addu'a. Fargabar mutum ɗaya ta rabu a kan mutum goma.

Yaɗuwar Izala a jihar Maraɗi ta sauya kayan aikin ba tare da ta sauya aikin ba. Gidan da ya bar laya da guru ya koma ga azkar da ruƙiyya da sallar dare da makarantar Islamiyya, inda matan aure ke haɗuwa su ji halin juna. A wasu gidajen kuma ana ci gaba da kiyaye iskoki da mayu a gefe, a hana mai ciki fita da tsakar rana ko da almuru.

4.2 Inda jinkirin yake

Idan a 2012 kashi 80 sun je awo amma kashi 30 ne suka haihu a likita, to, abin da ya bambanta ranar awo da daren naƙuda shi ya kamata a bincika. Imanin macen bai sauya ba tsakanin ranakun biyu. Awo ana shirya masa, da rana ake yi, kuma kyauta ne tun 2006. Naƙuda kuwa tana iya zuwa da tsakar dare, cikin damina, miji ya tafi cin rani Najeriya ko Agadas ko Libiya, babu mai ikon cewa a tafi. Daga ƙauyukan arewacin Mayahi hanyar rairayi ce, abin hawa amalanke ne ko babur, kuma daga Tasawa zuwa Maraɗi tafiyar sama da kilomita 100 ce. Gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, amma binciken cibiyar LASDEL ta Yamai ya nuna yadda jinkirin mayar wa cibiyoyi kuɗinsu ya bar su babu magani. Ga kuɗin mai, ga abincin masu jinya, ga tsoron tsawar ma'aikata. A daren da babu mota babu kuɗi, ƙoƙon rubutu shi ne abin da ke kusa.

4.3 Inda haɗarin yake

Ba a musun cewa ana ɓata sa'o'i. Idan ɗa ya zo a gicciye ko ƙugu ya yi ƙanƙanta, ƙoƙo na biyu da na uku lokaci ne da ke tafiya, kuma zubar jini bayan haihuwa na iya kashewa cikin awa biyu. Haka nan jijjiga, wadda ake yawan danganta ta da iska. Sannan hadisin da ya ba wadda ta rasu wajen haihuwa matsayin shahada yana sanyaya zuciyar dangi, amma idan aka haɗa shi da “kwana ya ƙare” sai ya rufe tambayar wa ya hana mota, wa ya ƙi tashi daga barci. Wannan amfani ne da addini bayan mutuwa, kuma masu amfana da shi ba matan ba ne.

5. Iyakokin nazarin

Za a ce alƙaluman na ƙasa ne da na jiha, kuma na 2012 ne, kuma ayyukan da aka dogara da su sun fito daga Maraɗi da Dogonduci da Malumfashi. Haka ne. Za a kuma ce ba a taɓo Kiristocin jihar ba, kuma ba a auna fargaba da ma'aunin likitocin ƙwaƙwalwa ba. Wannan ma haka ne, ko da yake ma'aunin da ke tambayar mace kai tsaye ko tana jin tsoro zai ci karo da kunyar da maƙalar ta bayyana. Waɗannan iyakoki sun taƙaita faɗin hujjar. Ba su rushe ta ba.

6. Kammalawa

Malamin unguwa yakan kasance namiji na farko a wajen gida da ke jin cewa naƙuda ta yi tsanani, domin wurinsa ake zuwa karɓar rubutu, kuma maganarsa miji da uwar miji suna ji. Shirin Makarantar Mazaje da UNFPA ta fara a Damagaram, da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, sun tabbatar da cewa ana iya gina aikin lafiya a kan tsarin da mutane suke da shi. Maƙalar tana ba da shawara uku. Hukumomin lafiya na Tasawa da Mayahi su koya wa limamai da malaman zaure da malaman Islamiyya mata alamomin haɗari, wato zubar jini, jijjiga, kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani da naƙudar da ta wuce awa 12, domin mai ba da rubutu ya haɗa da umarnin tafiya. Maza masu tafiya cin rani su bar izinin fita da kuɗin mota a hannun wani sananne kafin su tashi, kuma a faɗi wannan a huɗubar Juma'a. Ma'aikatan ɗakin haihuwa su bar mace ta shiga da addu'arta da mai rakiyarta ba tare da tsangwama ba. Mai neman a rage mutuwar mata a wannan yanki ya fara da mota da kuɗi da izini da kyakkyawar tarba, ya ɗauki imanin mace a matsayin abokin aiki.