Sanya wa jariri kwalli, da sauran hanyoyin da gubar dalma ke shiga gida

Tambaya: Malam, ni uwa ce daga unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. A awon yara an hana mu sanya wa jarirai kwalli, wai akwai guba a cikinsa, alhali mun taso muna jin sunna ne. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: 'Yar'uwa, sanya tozali ya tabbata a sunna, kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke kwaɗaitar da tozalin ismid. Sai dai mafi yawan kwallin da ake sayarwa a kasuwanninmu, wannan dutse mai ƙyalƙyali da ake niƙawa, ma'adinin dalma ne. A shekarar 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka auna kwallin da ake sanya masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, wani kuma ya gangara ta hanyar hawaye zuwa maƙogwaro. Tozali mustahabbi ne, kare yaro daga cuta kuwa wajibi ne a kan iyaye, don haka a daina sanya wa jarirai da ƙananan yara. Mai ciki ma ta bari, domin dalma tana isa ga ɗan da ke cikinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma cikin yaro yana tsotsar ninki 4 zuwa 5 na abin da cikin babba ke tsotsa. Kaɗan daga cikinta kan daƙushe ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama ba, sai an kai yaro makaranta a ga hadda ta ƙi zama, a yi ta dukansa a kan abin da ba laifinsa ba ne.

Mun ga mafi munin wannan a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, inda yara kusan 400 suka rasu. Maza ne ke kawo duwatsun zinariya gida, ana daka su a tsakar gida, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi, yara suna rarrafe cikin ƙurar. An fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, kafin ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Duk mai zuwa haƙar zinariya, a ƙasar Yawuri ko wani wuri, kada ya shigo da dutse gida, ya yi wanka ya sauya tufafi da takalma kafin ya ɗauki ɗansa.

Haka masunta na Argungu masu narka dalmar da ake ɗaura wa raga: a yi nesa da gida, ba a murhun girki ba, kada kuma yara su yi wasa da ita. Tsohon batirin mota ko na sola kada a fasa shi a gida, kada a zuba ruwa ko abinci a ƙoƙonsa. A kula da tsohon fenti mai ɓarewa, da tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa, musamman wajen dafa abu mai tsami ko barin miya ta kwana a ciki.

A wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci, a yayyafa ruwa kafin shara, a ajiye mai rarrafe a kan tabarma. Nono, kifi, wake da zogale suna rage yawan dalmar da ciki ke tsotsa.

Idan yaro yana yawan ciwon ciki, taurin bayan gida, amai, kasala ko shiɗewa, kada a tsaya a kan cewa iska ce. A yi masa addu'a, a kuma garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita irin kwallin da ake sanya masa da sana'ar mahaifinsa. Gwajin jini ne ke tabbatar da ita, kuma akwai maganin da ke fitar da ita idan ta yi yawa. Wallahu a'alam.