Kalmar Fotonik: Asalinta da Matsalar Shigarta Hausar Tasawa da Mayahi

Kalmar da Ingilishi ke rubutawa photonics, Faransanci kuma photonique, sunan fannin kimiyya ne da ke nazarin yadda ake samar da haske, a sarrafa shi, a aika saƙo da shi, ko a mayar da shi lantarki. Tushenta kalmar Girkanci ce mai nufin haske. Daga wannan tushe ne masanin Amurka Gilbert Lewis ya ƙago kalmar foton a 1926, wadda ta zama sunan ƙwayar haske mafi ƙanƙanta, irin wadda Einstein ya yi bayaninta a 1905. An ƙera fotonik bisa ƙirar elektronik: yadda waccan ke aiki da ƙwayar lantarki, haka wannan ke aiki da ƙwayar haske. Ana danganta ma'anarta ta yanzu ga Bafaranshe Pierre Aigrain, wajen 1967, bayan an samu faifan da ke juya hasken rana ya zama lantarki a 1954, da na'urar leza a 1960. Ta yaɗu sosai lokacin da zaren gilashi ya fara maye gurbin wayar tagulla wajen sadarwa. Akwai ƴar'uwarta, optoelektronik, wadda ta girme ta, amma ta fi ta ƙuncin ma'ana: ita ta tsaya ga na'urorin da haske da lantarki ke musanya a cikinsu.

A Nijar kayan sun riga sunan isowa, kuma tarihinsu ya ratsa ta Tasawa. A garin ne aka haifi Abdu Mumuni a 1929. Ya yi karatun kimiyyar fizik a Faransa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, ya rasu a 1991, kuma sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. Shi ne kuma marubucin littafin nan na 1964 kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu na gado. Sai dai yawancin aikinsa ya shafi zafin rana ne, wato na'urorin ɗuma ruwa, da murhu, da injin da zafi ke juyawa. Haske ya shigo ta wata ƙofa: talabijin ta makaranta, da aka fara a 1964, wadda aka gwada kunna akwatinta da faifan rana kusa da Yamai a 1968. Da Faransanci aka yi wannan koyarwa, saboda haka ba ta bar wa Hausa kalma ko ɗaya ba.

Talakawa ne suka raɗa sunayen, bisa abin da suka saba. Kafin lantarki akwai aci-balbal da fitilar ƙwai. Da kwalbar lantarki ta zo sai ta gaji sunan ƙwai. Lantarkin kansa ya samu suna uku: lantarki daga Ingilishi, kuran daga Faransanci, sai kuma wuta, wadda ta fi su duka yawo a baki. Yau a ƙauyukan Gulbin Kaba, inda turakun NIJELEK ba su kai ko'ina ba, faifan rana ne ke cika batirin salula, yana kunna ƙananan fitilu masu farin haske marasa zafi, kuma kalmar sola ta biyo ƴan kasuwa daga Katsina da Kano. Mai saye ba ya cewa komai sai wuta. Ga ciniki wannan ya isa. Ga malamin yaƙi da jahilci kuwa bai isa ba, domin wuta ta haɗa harshen wuta da lantarki, rana kuma ta haɗa zafi da haske. Wanda bai rarrabe su ba zai ɗauka faifan yana ƙara ƙarfi in rana ta ƙwalle, alhali zafi rage masa aiki yake yi, ƙurar hunturu kuma da ta lulluɓe shi tana tare hasken da yake bukata.

To, me zai hana a ari kalmar yadda take? A nan ne karin harshen yankin ya gitta. A Tasawa da Mayahi, kamar sauran yammacin ƙasar Hausa, sautin f yakan koma h a gaban u da o: hura ake cewa, da huska. Ta wannan hanya ce foto ta zama hoto a Hausa baki ɗaya. Ke nan foton za ta fito hoton, daidai da hoton da ke cikin «hoton sarki», fotonik kuma ta zama hotonik, wadda duk mai sauraro zai ɗauka sana'ar masu ɗaukar hoto ce. Abin sha'awa, kuskuren yana da asali, tun da kalmomin biyu tushensu ɗaya; amma asali ba ya warware ruɗani a cikin aji. Ka'idojin rubutun da aka tsayar a Bamako a 1966, aka sake gyarawa a Nijar a 1981 da 1999, suna iya tilasta rubuta f, ba sa iya tilasta furta ta.

Ƙirƙira daga haske ta fi aro dacewa. «Ƙwayar haske» tana ɗaukar ma'anar foton ba tare da wahala ba, ga manomin da ya san ƙwayar hatsi. «Ilimin sarrafa haske» ya dace da fotonik, «lantarkin haske» kuma a keɓe shi ga optoelektronik, kada a gwama su kamar yadda wasu littattafan Turai kansu ke yi. Tsawon waɗannan sunaye aibi ne, ba shakka, kuma kasuwa ba ta son dogon suna. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, littattafan kimiyya na firamare za su bukaci a yanke shawara, kuma ya kyautu a fara gwada kalmomin uku a azuzuwan manya na Mayahi da Tasawa kafin a kai su maɗaba'a.