Zanen fuskoki a bayan gilashi: Sana'ar da ake farawa daga ƙarshe

Kafin a ƙirƙiro kyamara, duk mai son barin kamanninsa ga iyalinsa sai ya zauna a gaban mai zane. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi wuya ita ce zana fuskar mutum a bayan gilashi, a riƙa kallonta ta gaba.

Irin waɗannan hotuna, waɗanda wasunsu ba su wuce tafin hannu ba, sun yi tashe ne a ƙarni na 18 da farkon na 19.

Yadda ake yin aikin

Mai zane a kan takarda ko ƙyalle yakan fara shimfiɗa launin bango, ya ƙare da ƙananan abubuwa irin su ƙwayar ido. A kan gilashi kuwa, akasin haka ake yi, domin fentin da ya fara taɓa gilashin shi ne wanda ido zai fara gani.

Saboda haka ɗigon hasken cikin ido da gashin gira da layin leɓe su ake fara sawa, tun babu fuskar da za su zauna a kai. Sai launin fata ya biyo baya, sannan tufafi, bango kuma shi ne na ƙarshe. Hagu kan koma dama, don haka ko sunansa mai zanen zai rubuta, sai ya rubuta shi a juye.

Idan aka yi kuskure a matakin farko, duk abin da aka shafa daga baya ya binne shi, babu gyara sai an kankare.

Ladan wannan wahala shi ne sheƙin da gilashi ke bai wa launi.

Cinikin Canton

Daga Turai sana'ar ta isa China, inda birnin Canton, wato Guangzhou a yau, ya zama cibiyarta. Daga 1757 zuwa 1842, nan ce kaɗai tashar jiragen ruwa da hukumomin China suka buɗe wa fataken Turai.

Jirage kan kawo gilashi da madubai daga Turai, masu zane su kankare wani ɓangare na bayan madubin su yi zane a gurbin, a sake mayar da shi Turai da tsada. Wani mai zane da Turawa ke kira Spoilum ya yi suna wajen zana matuƙan jirage da 'yan kasuwa tun cikin shekarun 1770.

Gwanintar masu zanen Canton wajen kwaikwayo ta kai har gaban kotu. Bayan mutuwar shugaban Amurka na farko, George Washington, a 1799, jama'a sun yi ta neman hotonsa. Wani matuƙin jirgi, John Swords, ya sayi hoton Washington daga hannun mai zane Gilbert Stuart bisa alkawarin ba zai bari a kwafe shi ba. Amma ya kai shi Canton, aka kwafo masa kimanin 100 a kan gilashi.

A 1802 Stuart ya kai ƙara a Philadelphia, kotu kuma ta hana sayar da su. Abin mamaki, a yau gidajen tarihi na adana irin waɗannan kwafi da a lokacin ake ɗauka kayan sata ne.

Bayyanar ɗaukar hoto a 1839 ta karya kasuwar ƙananan hotunan zane baki ɗaya, domin kyamara ta fi sauri da araha.

Haɗarin da suke ciki

Gilashi ba ya shan fenti, fentin manne yake kawai a jikinsa. Sauyin zafi da danshi kan sa ya ɗago ya fara ɓamɓarewa, inda ya ɗago kuma sai ya yi fari-fari. Abin da ke fara lalacewa shi ne shafin da ke jikin gilashin, wato ainihin ido da baki, kuma mai gyara ba ya iya kai wa gare shi ba tare da ya ratsa sauran ba.

Idan kuwa gilashin ya fashe, hoton ma ya fashe ke nan. Shi ya sa masu adana kayan tarihi ke gargaɗin kada a ciro irin wannan hoto daga katakonsa, ko a goge bayansa, ko a rataye shi inda rana ke duka.