Tsirrai da Dabbobi a Tarihin Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar Hausawan Sudan, galibi akan taƙaita ne ga hijira da aikin Hajji. Wannan maƙala za ta dubi tarihin nasu ta wata fuska, wato ta tsirrai da dabbobin da suka tarar a yankin Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu. Abin da za a nuna shi ne, ilimin itatuwa da kifaye da amfanin gona da suka taho da shi daga gida ya taimaka musu wajen zama da gindinsu, sannan sauye-sauyen da noman rani ya kawo wa muhallin ya sauya rayuwarsu da harshensu.

2.0 Zuwan Hausawa

Tun ƙarnoni da dama mahajjata daga ƙasar Hausa da Barno suke ratsa Sudan a ƙasa zuwa Makka, wasu su tsaya neman guzuri har zama ya kama su. Sai dai babbar hijira ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, ya sauka a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar wajen 1906. Garin da ya kafa ana kiran sa Mai Wurno, kuma daga nan aka kafa ƙauyuka da yawa na Fulani da Hausawa a bakin kogin. Larabawan Sudan kan haɗa su duka su kira su Fallata ko Takari.

3.0 Dajin da Suka Tarar

Tafiyar tana da nisa ƙwarai, amma daga Sakkwato har zuwa Sinnar kusan shimfiɗar daji ɗaya ce, mai damina guda a shekara da doguwar rani. Saboda haka baƙon da ya isa can ya riga ya san mafi yawan itatuwan da ya gani, sunayensu na Larabci kawai ya rage ya koya. Kuka ita ce tabaldi, 'ya'yanta kuma gongolez. Tsamiya ita ce aradeb, magarya ita ce sidir mai 'ya'yan nabak, aduwa ita ce hijlij mai 'ya'yan lalob. Goriba ita ce dom, giginya kuma daleb. Gawo, wanda kan kaɗe ganye da damina ya tofo da rani, shi ne haraz. Bagaruwa, wadda majema ke jima da 'ya'yanta, ita ce sunut, kuma tana da kurmi-kurmi a gaɓar Shuɗin Nilu. Ɗakwara mai ba da ƙaro ita ce hashab.

Amfanin wannan sani a fili yake. Wanda ya san ganyen da ake miya da shi, da saiwar da ake magani da ita, da itacen da gara ba ta ci, ba ya buƙatar shekaru kafin ya iya ciyar da iyalinsa. Bambancin da ya fi girma yana ga ƙasar noma. Maimakon jigawa mai yashi da gero ke so, Jazira baƙar laka ce mai tsagewa da rani, wadda ta fi karɓar dawa. Bakin kogi kuwa, inda ake shuka bayan ambaliya ta janye, ya yi kama da fadamar da suka saba nomawa.

4.0 Kogi da Dabbobi

Shuɗin Nilu yana tasowa daga tafkin Tana a Habasha, yana cika maƙil a watan Agusta. Kifayensa su ne dai na Gulbin Kabi da Kwara da tafkin Cadi. Giwan ruwa ana ce masa ijil, karfasa bulɗi, tarwaɗa garmuɗ, ragon ruwa kuma bayad. Wannan ya sa su ya zama ɗaya daga cikin sana'o'in da aka fi sanin Hausawa da su a Sudan. Haka nan fawa. Gasasshen nama mai ƙuli da yaji da ake sayarwa a biranen Sudan sunansa agashe, kalmar da ta fito daga gashi na Hausa ta shiga Larabcin ƙasar.

Namun daji sun yi ta raguwa yayin da gonaki ke faɗaɗa. A 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe gandun dajin Dindir kusa da iyakar Habasha, inda zaki da ɓauna da gadu da jimina suka sami mafaka, ko da yake raƙumin dawa ya ɓace daga can a shekarun 1980.

5.0 Auduga da Sabon Muhalli

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka fara Shirin Jazira domin noman auduga mai dogon zare wadda masaƙun Ingila ke buƙata. An fara da kimanin faddan 300,000, faddan ɗaya kuwa ya ɗan ɗara eka. Bayan ƙarin Manakil a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, filin ya kai kimanin faddan miliyan 2. An yanka shi gona-gona, kowace ana kiran ta hawasha, ana juya auduga da dawa da wake, daga baya aka ƙara gyaɗa da alkama.

Auduga na cin hannu wajen ciyawa da tsinka, kuma Hausawa na cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi. A farkon shekarun 1930, da cututtukan auduga da faɗuwar farashi suka sa wasu manoma barin gonakinsu, wasu 'yan Afirka ta Yamma sun sami hawasha. Amma mafi yawa sun ci gaba da zama 'yan ƙwadago ko masu noman raba-daidai, a matsugunan gefen magudanan ruwa da ake kira kambo, jam'insa kanabi, ba tare da mallakar filin da suke zaune a kai ba.

Ruwan da ba ya ƙafewa ya zo da nasa halittun. Sauro ya samu wurin hayayyafa duk shekara, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta cika magudanai. Mazauna kanabi, da yake a bakin ruwan suke wanka da wanki, su suka fi shan wahala. Wannan na cikin dalilan kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu a 1979 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya.

6.0 Darasi ga Ɗalibin Harshe

Al-Amin Abu-Manga, masanin harshe na Jami'ar Kartum, ya nuna a littafinsa na 1999 yadda Hausar Sudan ke rusunawa ga Larabci. Tarihin da aka kawo a sama yana ba ɗalibi hanyar bin diddigin wannan sauyi. Kalmomi irin su hawasha da faddan ba su da takwara a tsohuwar Hausa, don haka aro ya zama dole. Kuka da tsamiya kuwa suna da sunayensu tun daga gida, saboda haka duk inda aka ji yaro Bahaushe ya san tabaldi bai san kuka ba, alama ce harshen na ja da baya a gidansu.

7.0 Kammalawa

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya isa wannan yanki. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025, kuma an kai hare-hare kan wasu kanabi a wannan lokaci. Jama'a da yawa sun bar ƙauyukansu. Ilimin tsirrai da dabbobi a bakin tsofaffi yake, a gona da bakin kogi ake koyon sa, kuma warwatsewar jama'a na iya yanke shi. Tattara waɗannan sunaye daga bakin masu su, da kwatanta su da na Kano da Sakkwato da Maraɗi, aiki ne da ke jiran ɗaliban wannan sashe.