Hanyoyin Zobe Na Landan Da Aka Fasa Ginawa

Tun ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943 da 1944, wani masanin tsara birane mai suna Patrick Abercrombie ya zana wa birnin Landan taswira, ya ce a kewaye shi da manyan hanyoyin mota kamar zobba, wani cikin wani. Da aka gama yaƙi babu kuɗi, sai magana ta kwanta. Ba ta farfaɗo sosai ba sai da aka kafa Majalisar Babban Landan a 1965. A lokacin nan motoci sun yi yawa ainun, titunan birnin kuwa na zamanin keken doki ne.

Zobba huɗu aka shirya. Na waje biyu za su bi ta bayan gari, ba su da rigima sosai. Na ciki shi ne abin magana, gama tsawonsa wajen mil 30 ne, faɗinsa ya isa motoci takwas su jeru, wani wuri a bisa ginshiƙai, wani wuri cikin rami, ya ratsa unguwanni irin su Camden da Hackney da Brixton da Battersea. Babu mararraba a kansa, babu fitilar tsayawa, ba kuwa a yarda mai tafiya a ƙasa ya taka shi ba.

Masu son aikin suna da hujja, ba a ce ba su da ita ba. Suka ce wanda ya fito daga arewa za shi kudu ba shi da abin yi a tsakiyar birni, ana tilasta masa shiga ne kawai don babu wata hanya. In an ba manyan motocin kaya hanyarsu, lungunan da yara ke wasa za su huta, haɗari ya ragu. Amma a 1969 wani malamin tattalin arziki, J. Michael Thomson, da abokan aikinsa suka buga littafi suka nuna cewa sabuwar hanya ba ta kwashe motocin da ke akwai kaɗai, takan jawo waɗansu. Wanda dā yake shiga jirgin ƙasa, in ya ga hanya ta buɗe, sai ya fito da motarsa. Sa'an nan duk motar da ta hau zobe dole ta sauka, ta sauka kuwa cikin tsofaffin titunan nan ne.

Abin da ya kashe maganar, mutane ne suka gani da idonsu. A watan Yuli 1970 aka buɗe wani yanki mai suna Westway, gada mai tsawon mil biyu da rabi daga Paddington zuwa yamma. Ta wuce dab da tagogin ɗakunan kwanan mutanen Acklam Road, har suka rataya ƙyallaye suna roƙon a fid da su. Gani ya kori ji. Sauran unguwanni suka gane abin da ke tafe musu: dubban gidaje za a rushe, ga ƙarancin gidaje dā ma. A zaɓen shekarar har aka sami 'yan takara masu kiran a fara gina gidaje kafin hanyoyi. Kwamitin bincike na Frank Layfield ya zauna wajen shekara biyu, ya goyi bayan zoben ciki, amma a watan Afrilu 1973 jam'iyyar Leba ta ci zaɓen Majalisar, ta soke aikin.

To, wa ke da gaskiya? Kudancin Landan ya yi hasara, gama hanyar da ake kira South Circular har yau titunan unguwa ne da aka jona aka sa musu alama. Amma zobban waje da aka haɗe aka yi M25, mil 117, aka gama a 1986, ba a daɗe ba ta cika, aka shiga ƙara mata faɗi. A 1994 kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan manyan hanyoyi ya tabbatar cewa sabuwar hanya takan haifi sabuwar zirga-zirga. A 2003 sai Landan ta fara karɓar kuɗi daga mai shiga tsakiyar birni da mota, fam 5 a rana a wancan lokacin.

Birnin Riyad na Saudiyya ya bi ɗaya hanyar. A farkon shekarun 1970 ya karɓi tsarin Doxiadis, mutumin Girka, na manyan tituna miƙaƙƙu, ba a kuwa soke ba. Titin Sarki Fahad ya bi ta gefen unguwar Ulaya da faɗinsa, duk da haka cunkoso bai ƙare ba, sai ga shi a Disamba 2024 an buɗe jirgin ƙasa na birni, layinsa ɗaya yana bin ƙarƙashin titin Ulaya.

A Brixton kuwa akwai wani dogon bene, Southwyck House, wanda aka zana da 'yan ƙananan tagogi a gefe guda don ya tare ƙarar zoben ciki. An gina benen, mutane suna zaune ciki, tagogin suna kallon titin Coldharbour Lane.