Raunin huhu bayan ƙarin jini

Raunin huhu bayan ƙarin jini, wanda likitoci ke kira TRALI a taƙaice, matsala ce da ke kama huhun majinyaci cikin awa 6 da yi masa ƙarin jini. Galibi sinadaran garkuwa da ke cikin ruwan jinin mai bayarwa ne ke tunzura fararen ƙwayoyin jinin majinyacin, su lalata ƙananan jijiyoyin huhunsa, ruwa ya tsiyaya ya cika huhun.

Ganewa da magani

A ɗakin tiyata gane shi yana da wuya, domin wanda aka yi wa allurar barci ba zai iya cewa numfashinsa na sarƙewa ba. Sai dai likita ya ga iskar oksijin a jininsa ta faɗi, hawan jini ya sauka, wani lokaci kuma ruwa mai kumfa ya fito ta bututun numfashi.

Nan take ake dakatar da ƙarin jinin, a sanar da ma'ajiyar jini, a tallafa wa numfashi da oksijin ko na'ura. Dole a bambanta shi da cikar jiki da ruwa, wadda ita ce maganin sa fitsari ke yi wa amfani. A TRALI maganin na iya ƙara saukar da hawan jini. Yawancin majinyata kan samu sauƙi cikin kwana 2 zuwa 4.

Rigakafi

An fi samun waɗannan sinadarai a jinin matan da suka taɓa ɗaukar ciki. Shi ya sa tun 2003 Birtaniya ta fifita ruwan jinin maza wajen ƙari.