Me Ake Kiran Wadda Ta Tsira?

A ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, duk takun da mace ta yi daga ɗakin mijin da ke dukanta yana da suna. In ta ɗaure ƙullinta ta nufi gidansu, ta yi yaji. In miji ya turo aboki ko kawu da ban haƙuri, biko ke nan. Sai saki, sai idda, sai zawarci, wanda wasu tsofaffi ke ce wa jawarci. A kotu ma an bambance. Hul'i shi ne ta mayar da sadaki ta fanshi kanta, alhali a mazhabar Malikiyya in ta tabbatar da cutarwa, alƙali na iya raba auren ba ta biya ko kwabo ba. Sai dai dukan cikin ɗaki bai cika samun shaida ba.

Wadda ba a raɗa wa suna ba ita ce matar da ake gani daga baya. Ta shiga adashi, ta auni waken suya da kaka yana araha, tana suyar awara, ga akuya a turke, ta koma Islamiyya. Muryarta ta daina rawa wajen ciniki. A tsakiyar shekarun 1990 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun, suka kira wannan hali bunƙasa bayan masifa. Ba masifar suke yabo ba, faɗi-tashin da ya biyo bayanta suke nufi.

Mu fa? A majalisar maza sai ka ji "idonta ya buɗe" ko "ta waye". Yabo ne a fatar baki, a ciki kuwa gargaɗi ne cewa wannan ba ta juyuwa. Mata sun fi adalci, su "ta murmure" suke cewa, kamar yabanyar masarar da ta sha fari sannan ruwa ya sauka. Amma murmurewa komawa ce yadda ake a da, ita kuwa ta wuce nan.

A ganina "ta san ciwon kanta" ya fi dacewa, domin bai share ciwon ba, cewa ya yi yanzu ita ke riƙe da shi. Irinta ce in bazawari ya zo zance, tun kafin a taɓo maganar sadaki take tambayarsa, "Malam, me ya fitar da matarka ta fari?"